Yadda Ake Rainon Sabon Tankin Kifi na Ruwan Gishiri da Shawo Kan Ammoniya

Sabon tankin kifi na ruwan gishiri yakan yi kyan gani tun daga ranar farko, domin ruwa ya kwanta garau, duwatsu sun zauna daram, famfo yana aiki, har mutum ya ga babu abin da ya rage sai zuba kifi. Sai dai a wannan rana tankin ba shi da abin da zai riƙe rai. Abin da ya rasa ba ya ganuwa da ido, wato ƙwayoyin bakteriya masu cinye ammoniya, kuma su ne ake raino na tsawon makonni kafin a fara maganar kifi. Duk wanda ya tsallake wannan aiki, to kifinsa ne zai biya bashin, domin cikin 'yan kwanaki zai fara shaƙar gubar da jikinsa ya fitar.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Kifi yana fitar da ammoniya dare da rana, kuma mafi yawanta ba ta kashi take fita ba, ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa take fita kai tsaye cikin ruwa. Ragowar abinci da duk wani abu da ya mutu ya ruɓe su ma ammoniya suke zama. A cikin teku yawan ruwa da yawan ƙwayoyin halitta sun isa su kawar da ita, amma a cikin lita 100 da aka killace da gilashi babu inda za ta je. Masu kiwon tarwada sun san wannan matsala sarai, shi ya sa suke yawan sauya ruwan tafkinsu, amma mai tankin ruwan gishiri ba zai iya zubar da ruwansa kullum ba, saboda tsadar gishiri da kuma rashin juriyar kifin teku ga yawan sauyi.

Maganin shi ne rukuni biyu na ƙwayoyin halitta. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas da Nitrosococcus, suna mayar da ammoniya ta koma naitrait. Rukuni na biyu, musamman Nitrospira, suna ɗaukar naitrait su mayar da ita naitiret, wadda gubarta ba ta kai ta waɗancan ba ko kusa, kuma ana rage ta da sauyin ruwa lokaci-lokaci. Masanin kimiyya ɗan Rasha Sergei Winogradsky ne ya ware irin waɗannan bakteriya a shekarar 1890. A shekarar 2005 kuma aka bayyana wata ƙwayar halitta mai cin ammoniya, Nitrosopumilus maritimus, wadda ba ma bakteriya ba ce, daga wani rukunin ƙananan halittu na daban mai suna arkiya take, kuma daga tsakuwar wani tankin ruwan gishiri a gidan kifaye na birnin Seattle da ke Amurka aka samo ta. Ke nan aikin da za ka yi a ɗakinka shi ne samar wa waɗannan halittu wurin zama da abinci da iska.

Abubuwa biyu game da su ne suke tafiyar da duk sauran bayanin. Na farko, ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin dutse da yashi da soson matata, saboda haka sauya ruwa ba ya kwashe su, amma wanke dutse da ruwan famfo mai kilorin yana kashe su. Na biyu, suna da jinkirin hayayyafa ƙwarai. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20, amma waɗannan sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, sau da dama kusan yini guda, kafin su ninka. Wannan ne dalilin da ya sa rainon yakan ci mako 4 zuwa 6, wani lokaci ya kai 8.

Akwai kuma abin da ya sa ammoniya ta fi haɗari a ruwan gishiri. Siffa biyu take ɗauka a cikin ruwa: akwai NH4, wadda ba ta iya ratsa jikin kifi cikin sauƙi, akwai kuma NH3, wadda ita ce gubar. Yawan kowacce ya dogara ne ga awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke hawa idan tsami ya ragu, da zafin ruwa, kuma duk lokacin da pH ya ƙaru da ɗaya, kason mai gubar yakan ninka kusan sau goma. A ruwa mai pH 7 kason NH3 kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, amma a pH 8.2, wanda kusan shi ne na ruwan teku, yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Idan awo ya nuna miligiram 1 na ammoniya a kowace lita, to mai gubar ta haura miligiram 0.06, alhali daga 0.05 ta fara yi wa kifi lahani. Adadin da kifin ruwan daɗi zai iya ɗan jurewa yana iya hallaka kifin teku.

Kayan da za ka tanada

Misalan da ke tafe duk a kan tanki mai lita 100 aka gina su, kuma ina ba mai farawa shawarar kada ya yi ƙasa da haka, domin ƙaramin tanki yana saurin lalacewa idan an yi kuskure kaɗan. Ka tuna cewa ruwan kaɗai ya haura kilo 100, ban da dutse da yashi, don haka teburin da zai ɗauke shi dole ya kasance mai ƙarfi kuma a miƙe, nesa da tagar da rana ke shigowa.

Kana buƙatar gishirin haɗa ruwan teku wanda aka yi musamman domin tankin kifi, irin su Instant Ocean ko Red Sea. Gishirin miya ba ya yi, haka ma gishirin Bilma ko kanwa, domin ruwan teku ba gishirin ci kaɗai ya ƙunsa ba, akwai maganiziyam kimanin miligiram 1,300 a lita, da kalsiyam sama da miligiram 400, da wasu sinadarai da dama a ma'auni sananne. Kana buƙatar ruwan da aka tace da na'urar RO mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, kuma idan an ƙara masa matatar DI mai tsame ragowarsu ya fi, har awon TDS, wato yawan abubuwan da suka narke a ruwan, ya nuna sifili ko kusa da shi. Ruwan famfo yana zuwa da kilorin, ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna iya zuwa da naitiret da ƙarfe da silika. Wanda ke zaune a bakin teku, kamar Legas ko Akara ko Duwala, zai iya jin sha'awar ɗebo ruwa daga gaɓa, amma ruwan gaɓar manyan birane yana ɗauke da ƙazantar magudanai, bai dace da tanki ba.

Sauran kayan su ne na'urar auna gishiri ta rifiraktomita, da ma'aunin zafi, da hita, da famfon kaɗa ruwa wanda zai juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a sa'a, da matata, da dutse mai ƙofofi kimanin kilo 10, da yashin aragonait mai sinadarin kalsiyam, da bokiti sabo da tiyo waɗanda ba za a yi wani aiki da su ba. Sai kayan awo na ammoniya da naitrait da naitiret da pH da alkaliniti, kuma a tabbata na ruwan gishiri ne. Idan kuɗi ya gaza, a rage a wajen fitila ko ado, kada a rage a wajen kayan awo. Kada kuma wani ƙarfe na tagulla ko jan ƙarfe ya taɓa ruwan, domin yana kashe dodon koɗi da jatan lande da murjani.

Haɗa ruwa da jera tanki

Ka fara da cika tankin da ruwa zalla na yini guda domin ka tabbatar ba ya yoyo, sannan ka zubar. Bayan haka ka haɗa ruwan gishirin a cikin bokiti ko durom, ka zuba ruwa tukuna sannan ka riƙa barbaɗa gishirin sannu a hankali famfo yana kaɗawa. Idan ka yi akasin haka, wato ka zuba ruwa kaɗan a kan tulin gishiri, kalsiyam zai dunƙule ya zama farin gari wanda ba zai sake narkewa ba. Lita 100 takan ci kilo 3.5 zuwa 4, amma na'ura ce za ta yanke hukunci: abin da ake nema shi ne giram 35 a kowane kilo na ruwa, wanda na'urar ke nunawa da 1.025 zuwa 1.026. Ka bar shi yana kaɗuwa ya kwana, ka sake aunawa da safe.

Wajen jeri, dutse ne yake fara shiga, a ɗora shi a kan gilashin ƙasa kai tsaye, sannan a zuba yashi kewaye da shi mai kaurin santimita 2 zuwa 5. Idan aka ɗora dutse a kan yashi, ranar da wani kifi mai haƙa ya tone ƙarƙashinsa zai rushe, kuma yana iya fasa gilashi. A bar ƙofofi tsakanin duwatsun domin ruwa ya ratsa ko'ina. Idan za ka zuba ruwan, ka kifa faranti a kan yashin ka zuba a kansa domin kada ya tashi. Duk da haka ruwan zai yi fari-fari na kwana ɗaya ko biyu, kuma ba wata matsala ba ce. Ka kunna famfo da matata, ka daidaita zafi tsakanin digiri 26 da 28, ka bar fitila a kashe har ƙarshen rainon domin kada gansakuka ta samu dama.

Kawo iri da ciyar da shi

Yanzu tankin yana buƙatar iri. Kamar yadda ake ɗiga ɗan tsohon nono a cikin madara domin ta kama ta zama kindirmo, haka ake kawo bakteriya daga inda suka riga suka zauna. Hanya ta farko ita ce dutse mai rai, wato wanda aka ciro daga tankin da ya daɗe yana aiki, ko kuma soson matatarsa, a kawo shi a jiƙe cikin ruwan gishiri ba tare da ya bushe ba. Wannan yana da sauri, amma yana iya zuwa da cuta ko ƙwarin da ba a so, don haka sai daga tankin da ka yarda da lafiyarsa. Hanya ta biyu ita ce bakteriyar kwalba, irin su One and Only na Dr. Tim's, ko TurboStart 900 na Fritz, ko Bio-Spira. Abu ne mai rai, zafi mai tsanani yana kashe shi, daskarewa ma haka, saboda haka kwalbar da ta yi makonni a cikin zafin hanya ko a kan kantar da rana ke duka ba lallai ta yi aiki ba. Ka duba ranar ƙarewarta, ka girgiza ta sosai, ka juye a kan duwatsu. Idan kana da na'urar kumfa mai tsame datti ko fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, ka kashe su na kwanakin farko har bakteriyar ta manne. Ko babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu tankin zai kama da kansa, sai dai zai ɗauki lokaci mai tsawo.

Sai abinci, wato ammoniya. A da ana zuba kifi mai juriya, musamman ƙananan kifayen damsel, a bar su cikin gubar har tankin ya kama. Ban yarda da wannan hanya ba ko kaɗan. Kifin da ya rayu ya rayu ne da ƙonannun gaɓoɓin numfashi, kuma babu dalilin azabtar da dabba a kan aikin da ɗan garin sinadari zai yi shi fiye da ita. Hanyar da ta fi ita ce amfani da amoniyam kuloraid, na ruwa wanda ake sayarwa domin wannan aiki ko kuma garinsa tsantsa. Abin da ake so shi ne ammoniya ta kai miligiram 2 a lita, kuma a lita 100 garin da ake buƙata kimanin giram 0.6 ne kacal. Tunda dutse da yashi sun cinye wani ɓangare na wurin ruwa, ka narkar da shi a kofi, ka zuba rabi, ka jira sa'a guda ka auna, sannan ka cika. Kada ta wuce miligiram 5, domin yawanta yana danne bakteriyar da ake raino, musamman rukuni na biyu. Kada kuma ka yi amfani da ammoniyar goge-goge mai sabulu ko ƙamshi.

Idan ba a samu garin ba, ana iya ɗaure ɗanyen jatan lande guda ɗaya a cikin raga a rataye shi a ruwa ya ruɓe, ko a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum. Yana aiki, amma ba ka da iko da adadin da zai fito, ga wari, ga fosfet da zai ciyar da gansakuka daga baya. Idan ka bi wannan hanya, ka cire ragar da zarar awo ya kai miligiram 2. Wanda ya sayi dutse mai rai da ya sha doguwar tafiya kuwa ba ya buƙatar ƙarin komai da farko, domin halittun da suka mutu a jikinsa za su fitar da ammoniya isasshiya, wani lokaci ma har ta yi yawa a nemi sauyin ruwa.

Awo, da abin da za ka gani

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke sakaci. Hasken ruwa ba ya nuna komai, domin ammoniya ba ta da launi. Ka ware littafi, ka riƙa aunawa duk bayan kwana 2 ko 3 a lokaci guda na yini, ka rubuta kwanan wata da ammoniya da naitrait da pH da zafi. Awo guda ba ya faɗin gaskiyar tanki, jerin awo ne yake nuna inda aka dosa.

Yadda ake awon ma yana da ƙa'ida. A kayan awon kamfanin API, alal misali, ana ɗibar mililita 5 na ruwan tanki a 'yar kwalba, kuma sirinji ya fi dacewa da wannan. Sai a ɗiga ɗigo 8 daga kwalba ta farko, a riƙe ta a miƙe kanta ƙasa domin ɗigon ya zama daidai, a ƙara ɗigo 8 daga ta biyu, a rufe a girgiza, a jira minti 5 cif. Daga nan a jingina kwalbar da farin gefen katin launi a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila mai launi ba. Rawaya tana nufin babu ammoniya, kore yana nufin akwai, kuma gwargwadon duhunsa gwargwadon yawanta. An san wannan samfurin da nuna ɗan kore-kore na 0.25 a ruwan gishiri ko da babu komai, don haka idan ka yi shakka ka auna sabon ruwan da ka haɗa a bokiti ka ajiye kwalaben biyu gefe da gefe. Idan launinsu ɗaya ne, to ammoniyarka sifili ce. Awon naitiret kuma yana buƙatar a girgiza kwalbarsa ta biyu da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, in ba haka ba sakamakon zai fito ƙasa da gaskiya.

A makon farko mai yiwuwa ba za ka ga motsi ba, ammoniya tana nan inda ka bar ta. A mako na biyu za ta fara sauka, naitrait kuma ta bayyana, ruwan awonta ya tashi daga shuɗi mai haske ya koma shunayya. Kada hawan naitrait ya firgita ka, domin kowane miligiram 1 na ammoniya yakan zama kimanin miligiram 2.7 na naitrait, daga baya ya zama kimanin 3.6 na naitiret. Wannan mataki na biyu shi ne mafi tsawo, yana iya ɗaukar mako 2 ko 3 launin bai motsa ba, sannan wata rana ya faɗi cikin kwana biyu. A wannan tsakani, idan ammoniya ta kai sifili, ka ƙara miligiram 1 kawai duk bayan kwana 3 ko 4, kuma idan naitrait ta kai ƙarshen katin launi ka dakata da ƙarin gaba ɗaya, domin bakteriyar ba za ta mutu da yunwar 'yan kwanaki ba. Babu amfanin auna naitiret a wannan lokaci, saboda naitrait tana rikita awon ya nuna adadi mai yawa na ƙarya. Gaskiya ne naitrait ba ta da haɗari a ruwan gishiri kamar yadda take a ruwan daɗi, domin kuloraid ɗin da ke cikin gishiri yana hana ta shiga jinin kifi, amma ina ganin ya fi a jira ta sauka, tunda ita ce shaidar cewa rukuni na biyu ya zauna.

Idan abu ya tsaya cik na fiye da kwana 10, akwai wurare uku da za ka duba. Na farko alkaliniti, wato sinadaran da ke hana ruwa yin tsami. Bakteriyar tana cinye shi, kowane miligiram 2 na ammoniya a lita yana rage kimanin 0.7 a ma'auninsa da ake kira dKH, kuma idan ya ƙare pH zai faɗi aikin ya yi sanyi. Ana son sa tsakanin 7 da 11, pH kuma tsakanin 7.8 da 8.4. Giram 3 na bekin soda a lita 100 yana ɗaga shi da kimanin 1, a narkar da shi a ruwan RO a zuba sannu a hankali, kuma a kula kada a ɗauko bekin hoda. Na biyu iska. Kowane miligiram na naitirojin da ke cikin ammoniya yana cin kimanin miligiram 4.6 na oksijin, ga shi ruwan teku a digiri 25 bai riƙe miligiram 7 a lita ba, alhali ruwan daɗi yana riƙe sama da 8. Ka karkata bakin famfo sama har ka ga fuskar ruwa tana motsi. Na uku gishiri, domin ruwa yana ƙafewa ya bar gishirin, don haka ka yi alama a jikin gilashi ka riƙa cikowa kullum da ruwan RO zalla, ba da ruwan gishiri ba.

Ga mai zama inda ake yawan ɗauke wuta, wannan batu na iska shi ne babba. Idan famfo ya tsaya na sa'o'i, bakteriyar da ke cikin rufaffiyar matata ce take fara shaƙewa, ruwan cikinta kuma ya lalace. Ka tanadi ƙaramin injin iska mai batir tun kafin ka zuba ruwa, kuma idan kana da inbata ko sola, famfon kaɗa ruwa ne ya cancanci a fara haɗawa, tunda ba ya cin wuta sosai. Idan rufaffiyar matata ta tsaya na tsawon dare, ka zubar da ruwan da ke cikinta kafin ka sake kunnawa. A lokacin bazara, da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, ka buɗe murfi ka sa fanka ta riƙa busa fuskar ruwa domin kada ya wuce digiri 29, ka kuma san cewa ƙafewa za ta ƙaru. A lokacin hunturu kuwa hita ce za ta yi aiki da dare, murfin kuma ya koma saboda ƙura.

Jarrabawar ƙarshe da kifin farko

Ranar da ammoniya da naitrait suka nuna sifili tare, kada ka nufi kasuwa tukuna. Ka sake zuba ammoniya ta kai miligiram 2, ka duba agogo, ka auna bayan sa'a 24. Idan ta koma sifili, naitrait ma ta koma sifili ko dab da shi, tankin ya kama. Idan akwai saura, ka jira kwana 3 ko 4 ka maimaita. Wannan jarrabawa ta shafi har wanda ya yi amfani da bakteriyar kwalba mai alƙawarin gamawa cikin kwana kaɗan, domin abin da aka rubuta a jikin kwalba bai san halin da ta sha a hanya ba.

Bayan an ci jarrabawar sai a auna naitiret, wadda a yanzu za ta taru. Ka sauya kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan da sabon haɗi mai zafi ɗaya da gishiri ɗaya, har ta sauka ƙasa da miligiram 20, ko ƙasa da 10 idan kana da niyyar ajiye murjani. Kada ka wanke dutse, kada ka tona yashi, soson matata kuma a matse shi a hankali cikin ruwan da aka ciro daga tankin. Idan ka fara kunna fitila za ka ga wata ƙura mai launin ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi. Ƙananan halittu ne masu cin silika, sukan zo wa kusan kowane sabon tanki, kuma sukan janye da kansu cikin 'yan makonni.

Ka fara da ƙananan kifaye biyu, ba ƙari. Kifin Amphiprion ocellaris, mai ruwan lemo da farin zane uku, wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, ya dace da mai farawa. Ka saba masa da ruwanka ta hanyar ɗiga masa shi kaɗan-kaɗan, amma idan ya sha doguwar tafiya a cikin leda kada ka ja lokaci, domin da zarar an buɗe ledar pH ɗinta yana hawa, ammoniyar da ta taru a ciki kuma ta koma mai guba. Kada ruwan ledar ya shiga tanki. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti 2, ka auna ammoniya kullum na mako guda, sannan ka bar aƙalla mako 2 tsakanin kowane ƙarin kifi da na gaba, saboda yawan bakteriyar yana bin yawan abincin da take samu ne, kuma tana buƙatar lokaci kafin ta cim ma sabon nauyi. Akwai ɗan faifai mai suna Ammonia Alert na kamfanin Seachem da ake mannawa a cikin gilashi, yana auna mai gubar kaɗai, yana sauyawa daga rawaya zuwa kore zuwa shuɗi. Yana da amfani a wannan mataki domin kallo ɗaya ya isa.

Idan ammoniya ta hau alhali akwai kifi

Alamun su ne kifi ya riƙa numfashi da sauri, ya taso sama yana haki ko ya lafe a ƙasa, ya ƙi abinci, gaɓoɓin numfashinsa su yi ja. Da zarar ka ga haka ka auna, kuma idan awo ya tabbatar, ka dakatar da ciyarwa nan take, domin kifi mai lafiya yana jure kwana 2 ko 3 babu abinci. Ka ƙirga kifayenka da dodon koɗinka, ka leƙa bayan duwatsu da cikin matata, saboda sau da yawa wani abu ne ya mutu a ɓoye. Sannan ka sauya rabin ruwan. Lissafin a bayyane yake: sauya rabi yana rage ammoniya da rabi, don haka idan ta kai miligiram 1 za ta koma 0.5, kuma za a buƙaci maimaitawa bayan wasu sa'o'i ko washegari. Wannan ne ya sa ya kamata a ce kullum akwai haɗaɗɗen ruwan gishiri a ajiye cikin rufaffen durom, domin ranar da ake buƙatarsa babu lokacin jiran ya kwana. Ka ƙara iska, ka ƙara bakteriyar kwalba idan kana da ita, kuma kada ka zuba wani abu mai ɗaga pH a wannan lokaci, domin zai ƙara wa gubar ƙarfi ne.

Akwai magunguna irin su Prime waɗanda masu yin su suka ce suna ɗaure ammoniya na sa'a 24 zuwa 48. A ganina taimakon gaggawa ne kawai kafin a haɗa ruwa, ba sa fitar da komai daga tanki, kuma awo zai ci gaba da nuna ammoniyar tana nan. Haka kuma ba a haɗa su da maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe, domin haɗin yana mayar da maganin guba mai tsanani.

Bayan ruwa ya lafa sai a nemi musabbabi, in ba haka ba abin zai dawo. Yawanci ɗaya ne daga cikin waɗannan: an zuba kifi da yawa lokaci guda, ko abinci ya yi yawa, ko an wanke soso da ruwan famfo, ko an sauya duk kayan cikin matata a rana ɗaya, ko wuta ta daɗe a ɗauke, ko kuma an zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a babban tanki ya haɗa da bakteriyar da aka sha wahalar rainonta. Saboda wannan na ƙarshe, duk kifin da ya kamu da ciwo a ƙaramin tanki na daban ake yi masa magani, kuma shi ma wannan tanki yana buƙatar nasa irin. Ka ajiye ƙarin soso guda a cikin matatar babban tankin tun yanzu, bayan mako 4 zai cika da bakteriya, kuma duk ranar da ka buƙaci tankin jinya sai ka ɗauke shi a jiƙe ka mayar can.